Yadda Na Goyo Surukina Daga Maraɗi

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya zo shagona sayen maganin tsutsar akuya sai ya tsaya ya zagaya babur ɗin da ke ƙofa, ya shafa tankinsa, ya ce, "Haladu, wai da gaske daga Nijar ka hawo shi? Wai da gaske da surukinka a baya?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri a gaba. Shekaranjiya wani ya tambaye ni ko gaskiya ne mun tsere wa zaki. To, ga shi na zauna zan faɗa sau ɗaya tun daga farko, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi a nan Birnin Gwari, amma rabin cinikina a ƙauyuka da rugage yake. Ƙaramin babur ɗin da nake yawo da shi ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Da damina a hanyar Kazage, wani lokaci shi ke ɗaukata, wani lokaci ni ke ɗaukarsa. Na daɗe ina sha'awar irin manyan nan na doguwar tafiya, masu faffaɗan kujera da ƙaton tanki, amma sabo ya fi ƙarfina. Na faɗa wa mai ɗakina, ita kuma da ta je ganin gida ta faɗa wa mahaifinta.

Surukina manomi ne a wani ƙauye bayan Kuyello. Baba nake ce masa. Da ƙuruciyarsa ya yi fataucin fata zuwa Maraɗi, kuma yana da aboki a can, Alhaji Abdu, wanda ke da irin babur ɗin da nake nema, ga shi gwiwoyi sun hana shi hawa. Ni abin da na so kawai a ba ni lambar wayar mutumin da kwatancen gidansa. Sai saƙo ya zo mini cewa in shirya, Baba da kansa zai raka ni.

Mai ɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta san tun da na aure ta ban taɓa cin ko gyaɗa a gaban mahaifinta ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, in na hango shi a kasuwa ma canza layi nake yi. Ta ce, "Ka ci ka ƙoshi yau, don sai ka dawo."

Ranar tafiya muka haɗu a tasha da sassafe. Hanyar Funtua ta ɗan lafa yanzu, amma har yau direbobi sun fi son su taru su tafi a jere ido na ganin ido. Direbanmu ya dubi farin gemun Baba ya ce gaba za a sa shi, ya dube ni ya ce tunda tare muke, ni ma gaba. Kujera ɗaya. Na manne da ƙofa kamar zan shige cikinta. Duk ramin da muka faɗa sai kafaɗata ta bugi tasa, in ce, "A yi haƙuri, Baba." Da ramukan suka yi yawa sai ya ce, "Malam Haladu, ka tara su, in mun isa ka bayar gaba ɗaya."

A Funtua ya sayi shinkafa da wake da mai da yaji, ya turo kwanon tsakaninmu ya ce bismilla. Na ce alhamdu lillahi, a ƙoshe nake. Cikina kuwa ya ƙaryata ni da babbar murya. Na ce zan zaga, na lallaɓa bayan wata babbar mota na haɗiye ƙosai mai zafi a tsaye, har yana ƙona mini harshe. Da na dawo, Baba bai dube ni ba. Sai ya juya ga direban da za mu bi zuwa Katsina ya ce, "Ka ga ci gaba. Ashe bayan gidan Funtua har man gyaɗa suke shafa wa mutum a baki."

Daga Katsina muka kama hanyar Jibiya. A kan iyaka, ɓangarenmu babu wani labari. A ɓangaren Nijar ne wani ma'aikaci dogo mai fara'a ya karɓi katina ya duba, ya ce, "Mushe Haladu?"

Na ji abin har cikin raina. Ga ni da raina da lafiyata, a gaban surukina, a ce mini mushe? Na ce, "Ranka ya daɗe, da raina dai."

Baba ya taɓa ni da sandarsa ya ce, "Girmama ka ya yi. Nan ƙasar duk babban mutum mushe ne. Ni na fi ka zama mushe."

Ma'aikacin ya tambayi abin da ya kawo mu, na ce babur za mu saya. Ya ce, "To, moto." Na ce a'a, ba mota ba, babur. Ya ce, "Shi ne moto." Na ce mai ƙafa biyu fa. Ya ce, "Shi ne dai moto." Baba ya ce mini in amsa kawai mu wuce, tun kafin rana ta faɗi muna kan ƙafafun mota.

Da la'asar sakaliya muka shiga Maraɗi. Abin da ya fara ɗaure mini kai mata ne a kan babura, su da kansu suke tuƙi. Wata dattijuwa da lulluɓinta da kwandon cefane ta wuce mu tana danna oda, ko kallo ba ta ja ba. Na ce a raina, da a Birnin Gwari ne, yau da an rufe kasuwa an fito kallo. Burodinsu kuma dogo ne kamar sanda, ɓawonsa da tauri, mutum ya saƙale shi a hammata ya kama hanya babu leda babu komai.

Alhaji Abdu gajere ne mai ƙiba, bakinsa ba ya hutawa. Da ya ga Baba ya rungume shi, suka shiga zagin juna irin na tsofaffin abokai, wannan ya ce wancan ya tsufa, wancan ya ce wannan ya zama buhu. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, aka ɗora shayi. Shayinsu ba irin namu ba ne na ƙaton kofi da madara. Ɗan mitsitsin gilashi ne, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an yi zagaye uku kafin a sallame ka. A kan yunwa na sha shi, har na fara ganin mutane bibbiyu.

Da aka kawo tuwo, Alhaji Abdu ya sa tire ɗaya a tsakiya ya ce in matso. Ya sani sarai, don su ma suna da kunyar surukai kamar mu, tsokana ce kawai. Matarsa, Hajiya Rabi, ita ta cece ni. Ta leƙo ta ce, "Ɗana, zo ka duba mini wata tunkiya, an ce kai likitan dabbobi ne." Na bi ta bayan gida. Babu abin da ke damun tunkiyar. Kwano ne a rufe a kan turmi, dambun zogale da ƙuli da soyayyar zabuwa. Ni da tunkiyar muka yi hira har na sauke kwanon. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri.

Ɗaki ɗaya aka ba mu ni da Baba. Na ce zafi nake ji, na ɗauki tabarmata na koma zaure. Kafin in fita ya kira ni ya ce, "Gobe da mun idar da asuba, ka riga Abdu zuwa wurin babur ɗin, ka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, ka zo ka faɗa mini."

Na ce, "Ai na ɗauka abokin Baba ne."

Ya ce, "Tun muna samari. Shi ya sa na san shi."

Ban riga shi ba. Da na zagaya rumfar da aka ajiye babur ɗin, sai na tarar da Alhaji Abdu a tsugune, ya tura kaskon gawayi ƙarƙashin inji yana fifita. Da ya gan ni ya ce shayi yake dafawa. Sai ga Baba a bayana. Ya ce, "Abdu, ina butar? Ko babur ɗin ne zai sha?"

Alhaji Abdu bai ko ji kunya ba. Ya ce tsoho ne, shi ma sai an gasa masa gwiwa yake tashi da safe. Baba ya janye kaskon da ƙafa, ya ce ba mai taɓa shi sai ya huce sarai. Dalili kuwa, injin da ya yi ɗumi ko mai ciwo ne zai tashi da bugu ɗaya ya yi ta murmushi. A sanyi ake gane gaskiyarsa.

Kafin ya huce muka shiga dubawa. Ni na san babur daidai gwargwado, don ƙaramin nawa ya koya mini dole, Baba kuma ya riƙe babura tun ban san hanyar makaranta ba. Muka raba aiki, shi yana faɗa daga tsaye, ni ina rarrafe a ƙasa.

Na zaro ma'aunin baƙin mai, na murza man tsakanin yatsu a hasken rana. Baƙi ne, amma babu ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, kuma bai yi fari kamar an zuba masa madara ba. Na haska cikin tanki da fitilar wayata, tsatsa kaɗan ce a wuya, ƙasan fes. Sarƙa ta saki, haƙoran faifan da take hawa sun yi tsini sun kwanta gefe guda, wannan sai canji. Tayoyi kuwa da ka gan su ka ce sababbi ne, zanensu bai goge ba, amma da na duba gefe sai ga tsaga-tsaga kamar diddigen manomi. Zama ne ya cinye su. Na danna gaba da ƙarfi na saki, na shafa ƙafafun shok ɗin in ji ko suna tsiyayar mai, ɗaya na ɗan jiƙe. Muka ɗaga tayar gaba, na girgiza ta in ji ko boris ɗin da take juyawa a kai ya yi wasa, na juya kan babur ɗin hagu da dama in ji ko yana sarƙewa a tsakiya. Lafiya lau.

Na duba mita na ce, "Ai bai yi tafiya da yawa ba."

Baba ya ce, "Tambaye shi yaushe mitar ta tsaya."

Alhaji Abdu ya ce bai riƙe ba, amma yana jin lokacin babbar 'yarsa ba ta yi aure ba. Babbar 'yar tasa kuwa ta kusa aurar da tata. Baba ya nuna mini matakin ƙafa da robar hannu, duk sun suɗe har ƙarfe ya fito. Ya ce su ne mitar da ba ta tsayawa.

Can sai Baba ya tsaya a kan wani wuri a baya inda fenti ya fi na ko'ina sheƙi. Ya sa farce ya kankare, sai ga walda. Ya ce, "Abdu, ka faɗi da shi."

"Sau ɗaya ne, a hanyar Tawa. Jaki ya shigo gabana."

Daga cikin gida muka ji muryar Hajiya Rabi: "Raƙumi ne! Kuma sau biyu!"

Muka bi ƙashin babur ɗin kaf, musamman wuyansa da ƙarƙashin tanki, don in nan ne ya taɓa karyewa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Muka ci sa'a, waldar a kariya kaɗai take, inda ake ɗaure kaya.

Alhaji Abdu ya ce shi dai abin da ya sani, kwanan nan ya saya masa sabon buji. Na ce, "Buje? Babur ɗin mace ce?" Sai da ya kwance ya nuna mini, ashe fulogi suke kira haka. Na duba bakinsa, ruwan ƙasa-ƙasa ne a bushe, ba baƙi mai danƙo ba. Wannan ma alama ce mai kyau.

Da inji ya huce, na murɗa makulli na danna. Ya yi tari, ya yi shiru. Na sake, ya yi gunaguni. A na gaba ya kama. Baba ya cire farar hularsa ya kara a bakin salansa na ɗan lokaci, ya duba, ya shinshina. Farin hayaƙi ya fito da farko ya ɓace. Ya ce wanda ake tsoro shi ne shuɗi-shuɗin nan da ba ya ɗaukewa, mai barin maiƙo, shi ke nuna inji na shan mai. Hular ta ɗan yi baƙi, ya kakkaɓe ya mayar kansa. Muka kasa kunne ko za mu ji ƙwanƙwasa daga ciki, babu. Na kunna fitila na murɗa totur, haske ya ƙaru, wato yana ba batir wuta.

Na hau na zaga unguwa. Na bi giya ɗaya bayan ɗaya in ji ko akwai mai fita da kanta, na gwada kuloci a hawa, na taka birkin baya, na matse na gaba. A miƙaƙƙen titi na ɗan sassauta hannu in ga ko zai ja gefe, ya tafi sak. Ban san lokacin da na fara waƙa ba.

Da na dawo, Baba ya sa aka fito da takardu. Ashe asalin babur ɗin daga Kano Alhaji Abdu ya saye shi, takardunsa na ƙasarmu ne. Baba ya ce in wanke lambar inji da ta jikin ƙashi, in karanta da ƙarfi, shi kuma Alhaji Abdu yana bi a takarda. Suka yi daidai. Sannan ya yi tambayar da ni ban yi tunaninta ba: in ya lalace a Birnin Gwari, wa ke da kayansa? Kafin mai gida ya buɗe baki, Hajiya Rabi ta jawo wani buhu daga ɗaki, cike da kayan gyara da ya tara shekara da shekaru. Ta ce, "Ku haɗa da wannan. Ko ƙusa kada ku bar mini."

Cinikin ba da ni aka yi ba. Tsofaffin biyu suka shige ɗaki, na ji ana rantse-rantse, aka yi shiru, aka fashe da dariya, aka kira ni aka ce in yi godiya.

Sai dai da aka zo miƙa makulli, Alhaji Abdu ya ƙi sakinsa. Ya je ya zauna a kan babur ɗin, ya riƙe kan gam. Can ya ce da wannan ya je Agadas, da shi ya je Damagaram ya gaida mahaifiyarsa zuwan ƙarshe. Ya ce ko dai a bari sai baɗi.

Hajiya Rabi ta fito ta tsaya a kansa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Alhaji, duk ranar da ka fita da shi, ni a bakin ƙofa nake wuni. Na gaji da tsayuwa."

Baba ya ajiye sandarsa ya ce, "Tashe shi, Abdu. Kai ni in ga gari." Ya ɗare baya. Tsofaffi biyu, babbar riga na kaɗawa, suka fita a hankali kamar masu rakiyar amarya. Sun daɗe. Da suka dawo idon Alhaji Abdu ya yi ja, ya ce iska ce. Ya sauka ya damƙa mini makulli ya ce, "Kada ka bar shi da ƙishin mai. Sauran duk zai yafe maka."

Muka ƙara kwana, aka sa sababbin tayoyi da sarƙa. Ni duk zatona Baba mota zai bi ya koma. Da na ce bari in raka shi tasha, sai ya ce, "Wace tasha? Ni na zaɓi abin nan, in zai watsar da mijin 'yata a hanya, gara ina wurin."

Haka muka ɗaure buhun kayan gyara, na hau, surukina ya hau bayana. Da farko kariya ya riƙe, ya bar tazara tsakaninmu wadda akuya za ta iya zama. Ni kuma na matsa gaba har ina kan tanki. Ba mu yi nisa da gari ba na faɗa wani rami da ban gani ba. Sai na ji hannu biyu sun zagaye cikina sun ƙulle. Hannun nan kuwa bai sake ni ba sai da muka tsaya.

A kan iyaka aka duba lambar inji da takarda, harafi bayan harafi, na gode wa Allah da muka riga muka yi namu karatun a gida. Daga Katsina zuwa Funtua kuma, duk shingen da muka zo sai an tsayar da mu, don kowa ya san yadda 'yan bindiga suka ɓata wa manyan babura suna a ƙasarmu. Sai jami'i ya taho fuska a ɗaure, ya leƙa bayana ya ga dattijo da farin gemu da casbi a wuya ya rungume ni, sai ya sassauta. Wani ya ce, "Baba, ina zuwa haka?" Baba ya ce, "Yawon amarci." A Funtua muka kwana, na sake jin zafi na kwana a waje.

Da safe muka bi bayan ayarin motoci muka shiga daji. Muna cikin tafiya sai na ji warin fetur. Kafin in yi magana Baba ya ce, "Malam Haladu, ko dai tsufa ya kama ni ban sani ba, ko kuwa babur ɗinka ne ke jiƙa mini wando." Sai inji ya yi shaƙuwa ya mutu.

Na gangara gefe. Motocin da muke bi suka yi gaba, ƙararsu ta ɓace. Ba gida ba gona, sai itatuwa da kukan tsuntsaye. Wanda ya san wannan hanya ya san ba wurin tsayawa ba ne. Na rufe makunnin mai na duba. Siririyar robar da ke kai fetur daga tanki zuwa kafireto ce ta bushe ta tsage. Mun duba ƙashi, mun duba hayaƙi, mun karanta lamba, ba wanda ya tuna ya lanƙwasa wannan 'yar robar ya gani. Na zazzage buhun Hajiya Rabi a ƙasa. Akwai komai a ciki, har da abubuwan da ban san sunansu ba, ban da ita.

Sai muka ji motsi a cikin ciyawa. Baba ya daina jan casbi. Wani mutum ya fito da malfa da sanda a kafaɗa, ya tsaya yana kallonmu, mu ma muna kallonsa. Can ya ture malfar baya ya ce, "A'a! Mai magani?"

Buba ne, wani makiyayi da ke sayen maganin shanu a wurina. Ban taɓa jin daɗin ganin mai ciniki irin na ranar ba. Ya ce rugarsu na kusa, kuma kada mu daɗe a bakin titi. Muka tura babur ɗin zuwa inuwar wata ɗorawa. Ganinsa ne ma ya tuna mini da cewa a jakata akwai robar ɗura wa maruƙa magani da na saya a Katsina. Na yanko daidai tsawon, na zura, Buba ya ba ni waya daga jikin tocilansa na ɗaure bakin biyu. Na buɗe mai, ko ɗigo.

Kafin mu gama matarsa ta kawo fura da nono a ƙwarya, ludayi biyu. Baba ya sha, ya miƙo mini ɗayan. Na fara cewa alhamdu lillahi, ya katse ni.

"Malam Haladu, tun daga Maraɗi nake rungume da cikin nan, na san babu komai a cikinsa. Sha."

Na karɓa. Na dai juya masa ƙeya, amma na sha, har na kankare ƙwaryar.

Daga nan muka saki kwalta muka kama hanyar ƙasa ta Kuyello, don in sauke shi a gida. A nan babur ɗin ya nuna kansa. Yashi, kwazazzabo, tushen itace, duk ya bi ta kansu kamar ba komai. Daɗi ya kwashe ni. Salansarsa na da 'yar ɓula, tana ba shi wata murya mai kauri, ni kuwa da muka hango rufin ƙauyen sai na ƙara murɗa totur don a san mun iso.

Muka shiga gari, ba kowa. Turmi a tsaye da taɓarya a ƙasa, tukunya na tafasa a kan murhu, takalmi ɗaya a tsakiyar hanya. Ko kaza ba ta fito ba. Na kashe inji. Baba ya sauka, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ɗaga murya: "Jama'a, ni ne! Ni ne da mijin 'yata!"

Sai masara ta fara motsi. Mutane suka dinga fitowa ɗaya-ɗaya daga gonaki, wasu da yara a kafaɗa. Surukata ta fito da ganye a ɗankwali, ludayin miya na hannunta har lokacin. Da suka tabbatar mu ne, aka kece da dariya, ana nuna wanda ya fi kowa gudu. Wani ƙato da ake ce wa jarumin gari sai daga kan tsamiya aka sauko da shi. Ni ma na yi dariyar.

A bakin wani zaure na ga wata tsohuwa zaune, Iya Delu, maƙwabciyarsu Baba. Ita ba ta gudu ba, don ƙafafunta ba sa kai ta ko'ina. Ta rufe kanta da zane. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta buɗe fuska ta daɗe tana kallona, sannan ta kalli babur ɗin.

Ta ce, "Naka ne, ɗan nan?"

Na ce nawa ne, Iya.

Ta ce, "Allah ya sa alheri. Yana da kyau. Sai dai muryarsa irin tasu ce."

Ban kunna babur ɗin ba da zan tafi. Na tura shi har na wuce gonakin ƙarshe, sannan na hau, kuma ban je gida ba sai da na biya wurin mai walda ya toshe ɓular nan, ya ƙara masa abin rage ƙara.

To, masu tambaya, kun ji yadda aka yi. In za ku sayi irinsa, ku duba duk abin da muka duba, ku lanƙwasa kowace roba, sannan ku tsaya daga nesa a tashe shi, ku saurara da kunnen mutanen da za ku je wa. Nawa yanzu muryarsa ta yi laushi, amma duk da haka in na doshi ƙauye, daga gonar farko nake kashe shi in sauka. Nauyi gare shi kamar sa, kafin in kai dandali na jiƙe sharkaf, mutane na zaune a inuwa suna yi mini dariya. Ba wanda ke tashi daga inda yake.